Motar Falmata Mai Ƙishirwa

Haɗejia,
9 ga Satumba.

Zuwa ga taubashina Gwadabe, babban makanike a Fatakwal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Shamsiyya da yara. Yaya kunnen naka? Da yana aiki da ban wahalar da kaina da biro ba. Kiran da na yi maka da Sallah, har maƙwabta sun san abin da muka tattauna, kai kuwa ba ka sani ba. Ari direban tirela zai sauko da barkono jibi, shi zai kawo maka wannan takarda.

Mu nan lafiya lau. Kogi ya cika, ya ɗan leƙa gonakin shinkafa na wajen Kirikasamma, amma bana Allah ya taƙaita. Iya tana nan da gwiwarta. Bakin kuwa babu abin da ya same shi.

To, gyara zama. Na sayi mota.

Shekara talatin da biyar ina koyar da 'ya'yan mutane, da aka sallame ni hakkina ya fito, sai na ce wannan karon kaina zan yi wa gata. Golf ce mai dogon baya, ruwan toka, ta hannu. Wani dillalin shinkafa ne ya sayar mini, ya ce shekara guda tana ajiye ba ya hawanta. Tuƙi kuwa na koya tun da rani, kada ka fara.

Ka san dalilina ko ban faɗa ba. Shekara shida Iya ba ta ga Kawu ba. Gwiwarta ba ta lanƙwasuwa a motar haya, inda ake cusa mutum huɗu a baya biyu a gaba. Shi kuma mahaifin naka tun da idonsa ya tafi bai wuce zaure ba. Daga nan zuwa Miga 'yar tafiya ce, amma wa da ƙanwa sun koma aike da saƙon baki.

Juma'a uku ke nan ina kai ta. Ranar farko na yi zaton kuka za su yi. Kawu ya lalubi fuskarta ya ce, "Saude, kin tsufa." Ta ce, "Kai da ba ka gani, wa ya faɗa maka?" Ya ce, "Hannuna ya faɗa mini." Ba a yi minti goma ba suka tayar da rigimar wata akuya da ta ɓata tun kafin a haife mu. Ni ce na shiga ɗakin ƙanwarka Suwaiba na yi kukan a madadinsu, don daɗi ya yi mini yawa.

Ga inda gizo ke saƙar. Motar nan shan mai take kamar an aiko ta. Zuwa Miga da dawowa galan shida! Direbobin haya sun ce su biyu da rabi ke kai su ya dawo da su. Iya har ta raɗa mata suna, Mai Ƙishirwa. Kai ma ka san yadda mai ya koma a ƙasar nan.

Yaya Adam ya rantse ba zai sa ƙafarsa a cikinta ba. Ya ce abin da take sha a Juma'a ɗaya zai shayar da gonar alkama mako guda. Gardama ta yi zafi, ni kuma ka san bakina. Na ce masa a gaban Iya, idan ƙarshen Nuwamba ya zo, lokacin sauke injuna a fadama, tana nan da wannan hali, zan sayar da ita in sayi injin ban ruwa. Magana ta riga ta fita, ba ta komawa. Kuma gaskiya ko ban yi alkawari ba, fanshona ba zai ɗauki wannan shan ba.

Idan motar ta tafi, Juma'ar tsofaffin nan ta tafi. Ka yi wani abu, in dai makanikancin naka ba na baki ba ne.

Uwargijiyarka,
Falmata

*

Fatakwal,
20 ga Satumba.

Zuwa ga baiwata Falmata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, kuma na ga inda kika rubuta uwargijiya. Na yafe miki, tsufa ne. Ni ɗan namiji ne, ke 'yar mace, wannan ba a canza shi da sayen mota. Muna lafiya. Shamsiyya tana gaishe ki, ta ce ki ajiye mata kujerar gaba. Kunne yana nan yadda injuna suka bar shi. A gaida Gwaggo da gwiwa.

Labarin Baba da Gwaggo sau uku na karanta shi. Na fita bayan gareji na tsaya, yaran aikina suka ɗauka hayaƙi ne ya shiga mini ido. Allah ya saka miki da alheri, Falmata. Abin da ya kamata in yi ne kika yi, ni da rabona da gida shekara huɗu.

Amma kin ɓata mini rai. Shekara talatin hannuna na cikin baƙin mai, mutane na zuwa tun daga Aba in duba musu mota kafin su saya, ke kuwa kika je kika sayo taki kamar mai sayen tattasai. To, aikin gama ya gama. Mota ba ta shan mai haka kawai, sai da dalili. Ki yi abin da zan faɗa miki ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda kike sa ɗalibanki.

Da farko ki daina yarda da allurar nan ta gaban sitiyari, a tsohuwar mota maƙaryaciya ce. Ranar tafiya ki cika tanki har baki. Kina dawowa ki koma gidan man nan dai, ki sake cikawa. Abin da ta karɓa shi ne abin da ta sha.

Sai ki shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana a kai. Da safe ki duba, ki sansana. In akwai ɗigon fetur, to yoyo take, kada ki ƙara tayar da ita sai an ɗaure.

Ki kai ta wurin mai faci ya auna iskar tayoyin duka huɗu da ma'auni. Ban ce ya doka da ƙafa ya ce miki lafiya lau ba. Na san mutanenmu. Duk wanda ke bin hanyoyin rairayi na ƙauyuka sai ya rage iska don kada ya kafe, in ya hau kwalta kuma ya manta. Taya mai laushi jan ƙafa take sa mota.

Ki sa a tayar da ita ki tsaya a baya ki kalli salansa. Baƙin hayaƙi na nufin mai ya fi iska yawa. Daga nan ki buɗe gabanta, a gefe za ki ga wani baƙin akwatin roba mai maɗaurai. A ciki akwai filta, wato abin da ke tace iskar da injin ke shaƙa. Ki buɗe ki faɗa mini abin da kika gani. Fulogi ma a kwance su a duba.

Ki ce wa Yaya Adam ya ajiye maganar injin ban ruwa tukuna. Motar da na sa wa hannu, ko daga nesa ne, ba a sayar da ita don ƙishirwa.

Na ba Ari man zafi na Gwaggo da turaren Baba.

Ubangidanki har gobe,
Gwadabe

*

Haɗejia,
7 ga Oktoba.

Gwadabe,

Sallama da gaisuwa. Saƙo ya iso. Iya ta ce man zafin yana da kyau, sai dai ƙarami ne, kamar zumuncin mai aiko shi. Kawu kuwa ya shafa turaren tun kafin in gama faɗin daga inda ya fito. Kowa lafiya. An fara yankan shinkafa, tsuntsaye kuma sun fara dawowa fadamar Baturiya.

Na yi aikin da ka ba ni, ga sakamako.

Kwali ya kwana, ya tashi a bushe. Tayoyi kuwa ka yi gaskiya, ko da yake ba na son faɗa. Mai faci ya ce rabin iskarsu babu. Ashe dillalin nan ƙauyukan bakin fadama yake shiga da ita sayen shinkafa. An cika su, har sitiyarin ya yi mini sauƙi. Fulogi biyu sun yi baƙi ƙirin, an canza. Hayaƙi kuma akwai shi, baƙi.

Sai akwatin nan naka. Gwadabe, ban taɓa dariya irin ta ranar ba. Ina ɓalle maɗauri na ƙarshe sai shinkafa ta zubo mini a ƙafa. Shanshera, da ɓawon gyaɗa, da tsummoki, har da guntun carbi. Ashe shekarar da ta yi a ajiye, a cikin siton shinkafa ta yi ta, ɓeraye suka mayar da akwatin rumbunsu. Iya ta sa aka kawo kwano ta auna, ya kusa cika. Ta ce a zuba wa kaji, ba a wulaƙanta abinci ko da na ɓarawo ne. Filtar ta toshe kamar an yaɓe ta da laka. Na sayi sabuwa.

Ranar Juma'a na cika tanki yadda ka ce. Muka fita ƙarfe bakwai da rabi, bayan na gama ɗumama ta, muka isa Miga sha ɗaya saura. Tafiya ta yi daɗi. Iya ta saya mana gasasshen kifi ta taga, mai tallan yana biye da mu har ta gama zaɓe ba sai na tsaya ba. Wani mai babur ɗauke da rago ya wuce mu, da ya dawo babu ragon ya sake gaishe mu. Kawu yana jin ƙararmu tun daga kukar bakin gari, kafin mu iso an shimfiɗa tabarma.

Da muka dawo na sake cikawa. Galan biyar. An samu ragin ɗaya, na gode, amma Yaya Adam ya ce biyar da shida duk 'yan gida ɗaya ne.

Gana ya shiga mun zaga gari da shi, ya saurari injin, ya ce lafiyarta ƙalau, ƙarfi ne da ita, kuma abu mai ƙarfi dole ya ci. Ya ce in daina wahalar da mutanen nesa, injin sai wanda ya ji kukansa da kunnensa yake sanin ciwonsa. To ban sani ba. Wataƙila haka Allah ya yi ta.

Sauran mako bakwai. Ina sauraronka.

Falmata

*

Haɗejia,
11 ga Nuwamba.

Gwadabe,

Ina fata lafiya. Mu lafiya, sai dai shirunka. Mako biyar ke nan. Ari ya zo sau ɗaya ya ce ya ba ka takardata hannu da hannu, ka karanta, ka ninke, ka sa a aljihu, ka ce a gaishe mu. Gaisuwa muka rasa a Haɗejia?

In wani abu na rubuta da ya ɓata maka rai, ka faɗa. Tun muna yara nake zaginka kana ramawa, ban san ranar da fatarka ta yi laushi ba.

Mota tana nan a galan biyar. Makon jiya ban je Miga ba, na ce wa Iya ciwon kai nake. Ta dube ni ta ce, "Ciwon kan yana cikin tanki ne?" Suwaiba ta aiko cewa Kawu bai ci abincin rana ba ranar, sai da la'asar ta wuce ya yarda aka naɗe tabarmar.

Shekaranjiya Yaya Adam ya kawo wani mutum ya zagaya motar, ya buga tayoyi, ya leƙa ciki. Ba mugunta yake yi ba, ka san shi, tsoro yake kada in ƙare a banza. Ya ce, "Falmata, ke kika yi alkawari, ba ni na sa ki ba." Na shiga ɗaki na bar su.

Juma'ar ƙarshe ta wata ita ce ashirin da tara. Ban faɗa wa Kawu komai ba, ban san da bakin da zan faɗa ba. Ni dai raina babu daɗi, kuma kai ne ka ƙara.

'Yar'uwarka,
Falmata

*

Fatakwal,
19 ga Nuwamba.

Falmata,

Sallama. Muna lafiya. Ki yafe mini, ni ne da laifi, ba zan ɗora wa Ari ba ko da yake tirelarsa ta kwana goma a Lokoja da takardarki ta Oktoba a ciki.

Gaskiya fushi na yi. Da na karanta cewa injin sai mai jin kukansa da kunnensa, sai na ɗauka kin samu wani makanike, kuna zaune kuna yi wa kurman Fatakwal dariya. Wannan wurin yana yi mini ciwo, Falmata. Da kunne na yi suna a sana'ar nan, yanzu sai na ɗora tafin hannu a kan injin nake jin abin da yake faɗa. Shamsiyya ce ta karanta takardarki ta wannan watan, ta ce mini tsoho da ni ina fushi irin na amarya, mahaifina kuma yana zaune a tabarma da yunwa. Kunya ta kama ni.

Sai na ciro waccan takardar daga aljihu na sake karantawa, wannan karon da idon makanike. Na bar maganar ɓeraye, na bi tafiyar taku. Nan na ga abin da fushi ya rufe mini.

Kin fita bakwai da rabi, kin isa sha ɗaya saura. Awa uku da wani abu ke nan, a hanyar da motar haya ke yi a awa guda da 'yan mintoci. Mai tallan kifi ya bi ku da ƙafa har aka gama ciniki. Mai babur ya kai rago kasuwa, ya sayar, ya dawo ya same ku a hanya. Kuma Baba yana jin ƙararku tun daga kuka. Daga kukar nan zuwa zaurenmu na sani, da ƙafa na sha yin ta, tafiya ce mai nisa. Ƙaramar mota mai lafiya ba a jin ta daga can.

Saboda Allah ki amsa mini waɗannan. Wane ne Gana, kuma mece ce sana'arsa? Wa ya koya miki tuƙi, a ina? In kin hau kwalta, a giya ta nawa kike tafiya? Kuma wannan ɗumamawa da kika ambata, minti nawa take ɗauka?

Kada ki jira amsata, lokaci ya ƙure. Ki dubi kan sandar giyar, akwai lambobi a rubuce. In akwai waɗanda ba ki taɓa ziyarta ba, ga yadda ake yi. A miƙaƙƙiyar hanya, da kin ji injin ya fara ihu, ki taka kuloci ki ƙara giya. Ya sake ihu, ki sake ƙarawa, har sai sun ƙare. In za ki rage gudu ki sauko da su ɗaya ɗaya. Ki fara gwadawa ke kaɗai a inda babu mutane da shanu. Da safe kuma minti ɗaya ya ishe ta.

In abin da nake zato ne, Mai Ƙishirwa ba ta da laifi, kuma zan yi shekara ina ba da labarinki.

Naki,
Gwadabe

*

Haɗejia,
2 ga Disamba.

Zuwa ga Gwadabe, wanda yau kaɗai na yarda makanike ne,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, har gwiwar Iya ta yi sauƙi don murna. Maganar kunne, wallahi ban kawo ta a raina ba, Gana ma bai san da ita ba. Amma na ji zafin da ka ji, ka yi haƙuri. Yanzu bari in amsa tambayoyinka, in ya so ka yi dariyarka ka ƙoshi.

Gana ɗan ƙanen babanmu ne, direban tantan. Shekara ashirin yana yi wa mutane huɗa daga nan har Kirikasamma, kowa ya san ba ya karya garma. Shi ya koya mini tuƙi da rani, a gonar Yaya Adam bayan an kwashe alkama, da wata tsohuwar a-kori-kura ta abokinsa. Ya ce mini giya ta ɗaya ta tashi ce, ta biyu ta aiki, ta uku ta gudun hadari. Na ce sauran fa? Ya ce, "Malama, waɗannan na yara ne masu gaggawar zuwa lahira. Ni ban taɓa buƙatarsu ba, ga ni da raina." Ya ce injin kirki sai an ji muryarsa, kuma kada in kuskura in motsa da safe sai ta yi rabin awa tana ɗumi, yadda yake yi wa tantan. Ni da na yi shekara talatin da biyar ina cewa yara su bi maganar malami, sai na bi. Wata uku ina zuwa Miga a giya ta biyu. Hadari bai taɓa koro mu ba, balle in sa ta uku. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Ran Laraba na fita bayan gari ni kaɗai. Na sa ta uku. Na yi bisimilla na sa ta huɗu. Gwadabe, sai motar ta yi shiru! Na ɗauka mutuwa ta yi, na duba sai na ga itatuwa na wucewa. Da na sa ta biyar sai na ji ina dariya ni kaɗai kamar sabuwar mahaukaciya, iska na kaɗa mini mayafi. Na je na dawo sau huɗu kafin in yarda in koma gida.

Ranar Juma'a na ce Yaya Adam ya zo gidan mai ya ga cikawar da idonsa, ya kuma jira mu da yamma. Iya ta shiga ta zauna da tasbaharta. Da muka hau kwalta na fara ƙara giya, ta kama ƙofa ta ce, "Ke Falmata, wa ya biyo mu?" Can kuma da ta ga ba mu mutu ba, sai ta gyara zama ta ce, "Wancan mai babur ɗin, wuce shi." Shi ne mai ragon nan. Na wuce shi. Iya ta ɗaga masa hannu kamar matar gwamna. Kifi kam ba mu samu saya ba, har yanzu tana mita.

Ga abin da ya sa na zauna rubuta maka tun ban karya ba. Tara saura muka shiga Miga. Na yi zaton za mu tarar Kawu bai fito ba, tunda sha ɗaya muka saba zuwa. Sai ga shi a ƙofar zaure, cikin farar rigarsa ta Juma'a, da turarenka a jiki, ya karkata kai wajen kuka. Suwaiba ta faɗa mini daga baya cewa haka yake yi kowace Juma'a. Daga sallar asuba ba ya komawa ciki, nan yake zama yana sauraro. Ashe awa biyar yake jiranmu, mu muna can muna cinikin kifi.

Na tsaya a gefen masallaci, bai ji mu ba. Iya ta sa yatsa a baki, ta sauko da sandarta, ta lallaɓa ta zauna a bakin tabarmar. Muka ji yana ce wa Suwaiba, "Na ji an ce Adam zai sayar da motar. In yau ba su zo ba, kada ki ce musu na tambaya."

Iya ta ce, "To wa zai biya ni akuyata in ban zo ba?"

Ya zabura har hularsa ta faɗi. Ya lalubo hannunta ya riƙe. Sannan ya ce, "Wane mugun ne ya kashe wa motar nan murya?" Na ce ɗanka ne, daga Fatakwal. Ya ce, "Aikinsa ke nan, ya gyara abu daga nesa." Ya yi dariya, amma ni na ji abin da ke ƙarƙashinta, kai ma na san ka ji.

Sun samu ƙarin awa biyu a kan abin da suka saba. Sun gama rigimar akuya har sun shiga ta wata gona.

Da yamma Yaya Adam na tsaye a gidan mai da mutumin nan da ya kawo don sayen motar. Aka sa bututu. Kafin ya gama gyara tsayuwa tanki ya cika. Galan biyu da rabi, har da ɗan saura. Ya ce a jijjiga motar a ƙara. Aka jijjiga, ba ta karɓa ba. Ya dubi mutumin ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ba ta sayarwa ba ce." Sannan ya buɗe ƙofar baya ya shiga, ya ce in sauke shi a gida. Na tuna masa rantsuwarsa. Ya ce zai yi kaffara, in ja mu tafi.

Gana ya ce shi dai har yanzu bai yarda da giya ta biyar ba, amma ya ji daɗi.

Mun yi da Kawu zan riƙa danna ham sau uku daga kuka. Ya ce ba daidai ba ne da da, amma zai karɓa. Ya kuma ce in rubuta maka wannan yadda ya faɗa: "Ka ce wa Gwadabe yanzu akwai mota a gidan, ba shi da hujja."

Uwargijiyarka, ko ka ƙi ko ka so,
Falmata

*

Fatakwal,
10 ga Disamba.

Falmata,

Sallama. Lafiya lau muke. Na yi dariya har na zauna a kan taya, na karanta wa duk garejin labarin giyar gudun hadari. Da na kai wurin Baba a ƙofar zaure kuma sai na kasa ci gaba, Shamsiyya ce ta ƙarasa.

Ki gaida Gana, ki ce masa a gona malami ne, babu mai ja. Ki gaida Yaya Adam da kaffara. Ki ce wa Gwaggo babbar kwalabar man zafi na nan tafe, mai aiko shi ne zai kawo da kansa.

Na bar garejin a hannun babban yarona. Ari zai taso ranar ashirin da uku, ni da Shamsiyya muna gaban tirelarsa. In Allah ya yarda mu kwana biyu a Haɗejia, ranar Juma'a ki kai mu Miga. Shamsiyya ta haƙura da kujerar gaba, ni zan zauna in ga wannan giya ta biyar da idona. Kada ki faɗa wa Baba.

Roƙo ɗaya gare ni. Idan mun kai kukar bakin gari, kada ki danna ham. Ki mayar da ita giya ta biyu, ki taka totur yadda Gana ya koya miki, ta yi ihunta har ƙofar zaure. Man da za ta sha a wannan 'yar tafiyar ni zan zuba. Ina so Baba ya ji zuwana tun daga nesa, kuma wannan ƙarar ko ni zan ji ta.

Bawanki, na wannan makon kawai,
Gwadabe